Rubu'in Wat

Garin Shuwak yana gabashin ƙasar Sudan, a jihar Gadarif, a bakin kogin Atbara. Wanda ya tashi daga Gadarif za shi Kasala a kan babbar hanyar Bur Sudan, ta nan zai bi. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da rani takan tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki, da damina kuwa ta riƙe tayar mota kamar danƙo. Dawa da riɗi su ne arzikin yankin. Akwai Hausawa da yawa a can, jikokin waɗanda suka bar Kano da Katsina da Haɗeja da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma domin su sami na ci gaba da tafiya, noman kuwa ya riƙe su. Waɗansu kuma sun biyo ayarin da ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi. Larabci suke yi a kasuwa kamar kowa, amma in an shiga cikin gida, da Hausa uwa take kiran ɗanta.

A garin nan akwai wani makanike mai gyaran tarakta, Bahaushe, ya ba hamsin baya. Da abu biyu aka san shi. Na fari, in injin Massey Ferguson ya ƙi tashi a tsakiyar gona, shi ake aika wa da mota. Na biyu kuwa jita. Ba gadon kiɗa ya yi ba, gama mahaifinsa bai taɓa yarda a ajiye ko molo a gidan ba. Kakarsa ce kaɗai take buɗe 'yar ƙofa. In gidan rediyon Umdurman ya sa muryar A'isha Falatiya, sai ta ce kowa ya yi shiru, 'yar gida ce take waƙa. A'ishan nan jinin Hausawa ce, ta rasu a 1974, tsofaffi kuwa ba su daina alfahari da ita ba. A rediyon nan ne dai yaron ya fara jin jitar Sharhabil Ahmad, wanda mutanen Sudan suke kira sarkin jaz, ya rasa gane wane irin molo ne yake kuka haka.

Amsar ta zo masa daga ƙetaren iyaka. Tun 1967 mutanen Eritiriya suka fara gudowa gabashin Sudan saboda yaƙi, har ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ya yi shekaru da yawa a Shuwak. Wani saurayi daga cikinsu ya sami aiki a garejin da yaron yake koyon sana'a. Da rana su kwance inji tare, da dare ya nuna masa inda ake ɗora yatsu. Sa'ad da Eritiriya ta sami 'yancin kai a 1993, saurayin ya koma gida. Kayansa sun yi masa yawa, sai ya bar wa abokinsa jitar, ja ce, mai wuta.

To, jita mai wuta in ba a haɗa ta da komai ba, muryarta ba ta fi kukan sauro ba. Tsirkiyoyinta na ƙarfe ne, a ƙarƙashinsu akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiya ta motsa sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin wayar, wadda ba ta isa ta motsa lasifika ba. Aikin amfilifaya ke nan, ya karɓi 'yar wutar nan ya girmar da ita. Iri biyu ne manya. Akwai na taransista, wanda ya cika kasuwa, mara nauyi, mai araha, ba ya kuma neman lallashi. Akwai kuma na dā, mai kwalba. Kwalbar nan kamar ƙwan fitila take, an zuƙe iskar cikinta, akwai waya a ciki da take yin ja kamar garwashi. Wani Bature mai suna Fleming ya fito da ta fari a Ingila a 1904, bayan shekara biyu De Forest a Amurka ya ƙara mata waya ta uku, ita ce ta ba ta ikon ƙara ƙarfin sauti. Da aka ƙirƙiro taransista a 1947, sannu a hankali rediyo da talabijin suka rabu da kwalba. Masu jita ne suka ƙi rabuwa da ita.

Ba taurin kai kaɗai ba ne. In aka matsa wa taransista fiye da ƙarfinsa, yakan datse sautin farat ɗaya, ya fito a bushe, ya soki kunne. Kwalba kuwa in ta kusa iyakarta, a hankali take lanƙwasawa. Muryar ta yi kauri, ta yi ɗumi, ta ɗan dushe kamar ta mawaƙin da ya kwana yana waƙa, ta kuma bi hannun mai kaɗawa: in ya taɓa a hankali ta fito fes, in ya danna ta yi gurnani. Makaniken nan ya ji wannan da kunnensa sau ɗaya, a wani biki a Kasala, yana saurayi. Ya bar wurin cin abinci ya zagaya bayan makaɗa, ya tsuguna yana kallon kwalabe suna ja a cikin duhu. Daga ran nan ya sa wa ransa. Shekara talatin yana haɗa jitarsa da duk abin da ya samu, tsohuwar rediyo mai kaset, da wani ɗan amfilifaya na taransista da yake ƙara kamar gwangwani, yana cewa wata rana.

Ranar ta zo, amma ba ta hanyar da kowa zai so ba.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Kartum. Mutane suka watse, da yawa suka sauka a Madani. A Disamba na shekarar Madani ma ta faɗi, waɗanda suka gudu sau ɗaya suka sāke gudu, suka cika Gadarif da garuruwan kewaye, har makarantu suka zama wurin kwana. Gidan makaniken da yake da mutum 7 ya koma mutum 19. Ƙanwarsa ta zo da 'ya'yanta, da surukarta, da waɗansu da ba a san yadda za a kira dangantakarsu ba, ba a kuwa tambaya ba. Gidan irin na wurin ne: ɗaki ɗaya na bulo, sauran ɗakunan ciyawa masu tsini da ake kira guttiya, an kewaye da zana. A irin gidan nan, in mutum ya yi tari a ɗakinsa, maƙwabci yakan ce masa sannu.

Cikin baƙin akwai autar ƙanwar tasa, 'yar shekara shida. Tun da suka iso ba ta cika magana ba. In kwano ya faɗi, ko babur ya yi tusa a kan hanya, sai a neme ta a rasa, a same ta a ƙarƙashin gadon igiya da suke kira angarib, ta toshe kunne da hannu biyu.

Bayan an gama girbi, masu gonaki suka biya makaniken bashin gyaran da suka tara tun damina. A makon nan ne wani direban babbar mota ya kawo masa labari. Wai akwai wani makaɗi daga Umdurman a wata makaranta a Gadarif, ya kwaso kayan ƙungiyarsa har Madani, daga Madani har nan, yanzu yana so ya sayar ya kai iyalinsa Masar. Akwai akwatunan jita a ciki, irin masu kwalba.

Matarsa ta ji, ta yi shiru. Da dare ta ce, "Maigida, baki 19 ne a gidan nan." Ya ce ya sani, ya riga ya ware dawar da za ta kai su damina, ga kuma kuɗin cefane. Abin da ya ragu shi ne wanda yake magana a kai. Ta ce, "To, naka ne." Duk mai aure ya san irin wannan "to".

Ya sami makaɗin a wani aji, an jingine bencina an rataye zannuwa an raba ɗakin gida uku. Akwatuna uku ya nuna masa. Na farko Fender Twin Reverb, wat 85, lasifika biyu masu inci 12, kwalabe 10, nauyinsa ya kusa kilo 30. Na biyu Fender Blues Junior, wat 15, lasifika ɗaya mai inci 12, kwalabe 5. Na uku wani ɗan ƙarami ne, Vox AC4TV, wat 4, lasifika mai inci 10, kwalabe 2 kacal, hannu ɗaya yake ɗaukarsa. Makaniken ko kallon na ukun bai yi ba. Idonsa yana kan babban, gama irinsa ne ya gani a Kasala.

Ya ce, "Ustaz, wannan nawa?"

Kuɗin da makaɗin ya faɗa ya ba shi mamaki, don bai kai rabin abin da ya zata ba. Makaɗin ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ya usta, wa zai ɗauki kilo 30 a kā ya ƙetare iyaka? Na ɗauke shi sau biyu, ba zan ɗauka na uku ba." Suka shirya a kan ya ba da kafin alƙalami, ya tafi da shi kwana biyu ya gwada, direban ya tsaya shaida.

Da la'asar ya isa Shuwak, samari biyu suka shigar masa da akwatin ɗakin bulo. Akwai wuta a ranar. Ya haɗa, ya kunna, ya jira kwalabe suka yi ja. Lambobin makunnin murya daga 1 zuwa 10 suke. Ya sa a kan 3, a ganinsa ya yi ladabi. Ya sauke hannu a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya.

Kwanon rufi ya amsa. Kaji suka watse. Shi kansa ya ji abin a ƙirjinsa kafin kunnensa, daɗi kuwa ya kama shi har ya rufe ido, shekara talatin ta taru a wuri guda. Ya sāke kaɗawa. A karo na uku ne ya ji muryar ƙanwarsa a bakin ƙofa, ba da ƙarfi ba: "Yaya. Yaya, don Allah."

Yarinyar tana ƙarƙashin angarib, ta jiƙa kayanta, jikinta yana rawa. Har aka yi sallar isha ba ta yarda ta fito ba. Uwar ta shimfiɗa tabarma a ƙasa ta kwanta kusa da ita. Ba wanda ya ce wa makaniken komai, surukar ma da ba ta raina abin magana ta yi shiru. Da safe maƙwabcinsa, wani tsohon malami mai almajirai, ya leƙo ta kan zana ya ce, "Usta, jiya na ɗauka su ne suka iso." Bai faɗa da faɗa ba, da gaske yake.

Mai karatu da ya taɓa zama kusa da majami'a a Jos ko Kafanchan ko Zonkwa ran Asabar da yamma, sa'ad da 'yan kwaya da masu jita suke gwaji, ya san wani abu game da wannan. Wanda yake riƙe da jita ba ya jin ƙarar yadda na bayan katanga yake jinta. A kunnensa waƙa ce, domin ya san abin da zai biyo baya. Na waje kuwa bugu kawai yake ji yana faɗo masa ba sanarwa.

Kashegari ya gwada a kan lamba 1. Ƙarar ta ragu, amma abin da yake nema ya tafi tare da ita. Muryar ta fito siririya, ba ɗumi, ba gurnani, kusan irin ta gwangwaninsa na dā. In ya ɗan taɓa makunnin kuma sai ta yi tsalle. Tsakanin "ba a ji" da "ya yi yawa" bai fi kaurin farce ba. Ya kashe, ya zauna yana kallon akwatin.

Da ya mayar da shi Gadarif, bai wuce makarantar kai tsaye ba. Ya biya ta kasuwa wurin wani tsoho mai gyaran rediyo, shi ma Bahaushe, wanda ya koyi aikin a hannun wani Baƙibɗe tun zamanin da kowace rediyo take da kwalba. Ya kwashe labari ya faɗa masa, har da na yarinyar.

Tsohon ya ce, "Ɗana, kai makanike ne. Ka taɓa ganin wanda ya tayar da tarakta don ya niƙa barkonon miya?"

Ya ce, "A'a, Baba."

"To, shi ka yi. Muryar da kake so, muryar injin da ya ɗauki kaya ce, yana nishi. Kwalba ba ta yin daɗin nan sai tana aiki kusa da iyakarta. Wannan babban kuwa an gina shi musamman don kada ya yi nishi, ya tsaya fes a gaban ganguna da taron biki. Kafin ka kai shi inda zai yi nishi, ka kori unguwa."

Makaniken ya ce to, ashe sai ya ɗauki mai wat 15, tun da yake bai kai kashi ɗaya cikin biyar na babban ba. Tsohon ya girgiza kai. A nan ne ya gaya masa abin da yawancin masu sayen kayan sauti ba su sani ba, shi ne kuwa gindin maganar duka. Kunnen mutum ba ya lissafi irin na kasuwa. In ka ninka wat sau biyu, ƙarar ba ta ninkuwa, 'yar ƙaruwa ce kawai, desibel 3 a ma'aunin ƙara. Sai ka ninka wat sau goma kafin kunne ya ce ƙarar ta ninku sau biyu. In aka juya lissafin, mai wat 8 ko 9 yana ba da wajen rabin ƙarar mai wat 85, ba kashi ɗaya cikin goma ba. Mai wat 15 kuwa ya fi rabi. Har wa yau, lasifikar jita ba ta da ƙyuya: wat 1 tak, in ka tsaya taku ɗaya daga gabanta, yakan ba da desibel 95 ko fiye. Hira tsakanin mutum biyu wajen desibel 60 ce. Masana lafiyar kunne kuma sun ce wanda yake wuni cikin ƙarar da ta wuce 85, kunnensa yana lalacewa a hankali.

Makaniken ya yi shiru yana juya lissafin. Ya ce, "Ashe wat ɗaya ma ya fi ƙarfin ɗakina."

"Ya fi. Fender Champ da ake ta yabo, wat 5 ne, tun 1948 ake yin danginsa don masu koyo a gida, manyan makaɗa kuma sun ɗauki faifai da shi. Amma buɗe shi duka a gidan zana ka gani."

Suka tafi makarantar tare, tsohon yana dogara sanda. Ya fara duba bayan kowane akwati, ya karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Ya ce wannan shi ne farkon abin dubawa, gama wutar Sudan bolt 230 ce, kamar ta Nijeriya, na kasuwar Amurka kuwa don bolt 120 aka yi su, in aka soka su kai tsaye sai hayaƙi. Duka ukun sun dace. Sa'an nan ya yi wa na tsakiyan adalci. Ya nuna makunnan murya biyu da yake da su, ɗaya yana matsa wa ƙananan kwalabe na gaba su yi gurnani, ɗaya yana tsare ƙarar da za ta fita. Da wannan dabara ana iya kaɗa shi a hankali, ya ce, mutane da yawa kuma sun gamsu da shi. Amma lasifika mai inci 12 tana tura iska da yawa, kaurin sauti kuwa shi ne yake ratsa bango ya bi ƙasa ya sami mai barci. Siririn sauti bango yakan tare shi, mai kauri ba ya jin bango, balle zana.

Sai ya jawo ɗan ƙaramin. Makunni uku ne a kansa: murya, da launin murya, da wani na uku mai matsayi uku, an rubuta 4, da 1, da rubu'i. Ya ce wa makaniken, "Wannan birki ne." Kwalbar tana aiki da dukan ƙarfinta, tana nishin da ake so, amma kafin ƙarfin ya kai ga lasifika sai a tare mafi yawansa a mai da shi zafi, a saki kaɗan. Makaɗin ya miƙa masa jita. Ya sa a kan rubu'in wat, ya buɗe murya, ya kaɗa. Ga ɗumin, ga 'yar dushewar. Ba ta cika ƙirji kamar ta babban ba, ta ɗan ƙanƙance, birki yana da nasa haraji. Amma ita ce. Matan da suke bayan zane a ɗaya gefen ajin suka ci gaba da hirarsu, sun ɗan ɗaga murya kawai.

Tsohon bai bar shi ya yi murna da yawa ba. Ya ce ko rubu'in wat, in an buɗe shi duka, ya fi hira ƙara nesa ba kusa ba, kada ya ruɗi kansa cewa zai yi haka da tsakar dare. In shiru na gaskiya yake so, to, ya sayi ɗan na taransista mai ramin abin sawa a kunne, ko ya bar yaran zamani su haɗa masa jitar da wayar hannu. Ya fi araha, ba ya zafi, batir ma yana ɗaukarsa. Wannan gaskiya ce, duk mai neman abin koyo a ɗakin haya ya kamata ya ji ta kafin ya kashe kuɗinsa. Makaniken ya ce ya gwada abin kunnen nan wurin ɗan ƙanwarsa. Bai so ba. In ya toshe kunnuwansa, ba ya jin gidan, ko an yi sallama, ko yaro ya yi kuka. Ya ce yini yake yi cikin ƙarar inji ba ya jin kowa, ba ya so ya dawo gida ya sāke kurmancewa.

Abin da ya yanke maganar wani abu ne dabam. Tsohon ya tambayi sunan kwalaben ɗan ƙaramin, makaɗin ya ce 12AX7 ɗaya da EL84 ɗaya. Fuskar tsohon ta washe. Ya ce EL84 ai ta Philips ce, tun 1953, ita ce take cikin rediyoyin Turai da yawa da ya yi rayuwarsa yana gyarawa, yana da waɗansu a cikin gwangwanin madara a shagonsa, an naɗe da auduga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwalba tana tsufa kamar fulogin mota, mai ba da ƙarfin ita take riga gajiya. Masana'antun da suka rage suna yin ta a duniya 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, har a 2022, da yaƙin Yukiren ya tashi, ta yi wuya ta yi tsada ko a Turai da Amurka. Mutumin Shuwak da ya ɗauki akwati mai kwalabe 10 ya ɗauki baki 10 da zai ciyar. Mai 2 kuwa, ga abincinsa a Gadarif.

Sai dai makaɗin bai so sayar da shi ba. Shi ne wanda ya yi niyyar tafiya da shi, da shi yake koyo a ɗakinsa a Umdurman. Ya sa masa kuɗin da ya kusa na babban, wataƙila don a bar masa abinsa. Makaniken ya yi ciniki kaɗan, na al'ada, ya ga idon mutumin, ya daina. Ya biya. Makaɗin ya shafa kan akwatin sau ɗaya, ya juya ya shiga bayan zane. Daga baya aka ji masu ba da hayar kayan biki sun ɗauki babban.

A hanya tsohon ya yi masa huɗuba irin ta mai aurar da 'ya. Kada ya kunna shi lasifika a cire, taransifomar ciki za ta ƙone. Kada ya sa hannu a ciki ko da an zare waya, gama akwai bolt 300 ko fiye da yake maƙalewa a ciki, ba irin batirin tarakta ba ne. In ya kunna ya ba shi ɗan lokaci ya yi ɗumi. In ya kashe kada ya ɗauke shi da zafi. Ya nemi sitabilaiza, tun da wuta tana hawa tana sauka. Kada ya jingina shi da bangon ciyawa. A watan Afrilu, da zafi yake wuce digiri 40, ya bar shi ya huta da rana. In ya huce ya rufe shi da zane saboda ƙura.

A gareji an yi masa dariya har mako guda. Wai an ba shi raƙumi da kuɗin akuya ya ce akuyar yake so, Shuwak kuwa garin raƙuma ne, sun san abin da suke faɗa. Matarsa ta dubi akwatin ta ce, "Wannan ne duka?" Ya ce shi ne. Ta ce, "Ya fi dama."

Ya yi wa kansa doka. In yana son nishin kwalba, sai ran Juma'a da hantsi ya rataya akwatin a babur ya kai gareji, inda ba mai barci, ya sa a kan 4 ya buɗe. A gida kuwa rubu'i, murya ƙasa da rabi, tsakanin magariba da isha, in akwai wuta. Akwai babban dam a saman kogin, na Atbara da Setit, wanda aka buɗe a 2017, amma a shekarar yaƙi kusancin dam bai hana a yi kwana biyu cikin duhu ba. Kafin ya fara, yakan fita tsakar gida ya ce, "Zan taɓa jita," kamar mai neman izinin shiga. Ya ɗora akwatin a kan kujera, ya juya fuskarsa daga wajen zanar malam, ya zauna dab da shi. Ya lura cewa a ƙaramar murya kurakuransa ba su da wurin ɓuya, yatsan da bai danna sosai ba yana tona kansa. Abin da ya ɗauka ya iya tun yana saurayi, sai ga shi yana sāke koyonsa.

Yarinyar ba ta zo ba a makon fari. A na biyu aka gan ta a bakin ƙofa, rabin fuska. Ba kiɗan ne ya jawo ta ba, jan nan ne da ake hangowa ta ramukan shan iska. Wata rana ta matso ta tsuguna, kamar yadda wani ya taɓa tsugunawa a Kasala, ta ce, "Kawu, wutar nan ba ta ƙona shi?" Ya ce tana ɗumama shi ne, sai ya yi ɗumi yake iya magana. Ya ce ta ƙidaya masa talatin kafin ya taɓa tsirkiya. Ta ƙidaya, ɗaya zuwa goma da Larabci yadda aka koya mata a Kartum, sauran da Hausa yadda ta ji a gidan. Daga ran nan aikinta ke nan, da rufe akwatin da wani tsohon ɗankwalin uwarta in ya huce. Ba a ce ta warke ba. In babur ya yi tusa tana neman ƙarƙashin gado har yanzu, uwar kuma ta ce takan farka da dare. Amma sautin da ita ta ƙidaya masa, ta san lokacin da zai zo.

A Janairu 2025 soja suka karɓe Madani, bayan 'yan watanni baƙin suka fara komawa. Gidan ya koma mutum 7. An bar ɗankwalin a kan akwatin, ko mantuwa ce ko da gangan. Tsakanin magariba da isha makaniken yakan ɗage shi ya ninke, ya kunna, ya ɗora hannu a kan tsirkiyoyi don kada su motsa, ya ƙidaya a ransa, goma da Larabci, ashirin da Hausa.